Farin Garin da Aka Aiko Daga Ikko

Tudun Wada ta Zariya
Talata, cikin Jimada Sani, 1336

Daga Kailani zuwa ga ɗana Muntaka, jikan kawuna Sabo, mazaunin Ikko. Gaisuwa da fatan alheri gare ka da iyalinka.

Yau na tashi da ƙafafu a kumbure, takalmi ya ƙi shiga, a zaune na yi asuba. Tari ya ɗan lafa tun da zafi ya shigo. Idon hagu ya tafi gaba ɗaya. Na dama yana yi mini aiki daga hantsi zuwa azahar, in na fitar da tabarma rana. Alhamdu lillahi a kan kowane hali.

Na san za ka yi mamakin takardata, don rabonmu tun jana'izar mahaifinka kana saurayi. Wani mai birkin jirgin ƙasa da ke cin abinci a gidan da nake ya ce ya san ka, kana wanke kwalabe wurin Baturen da ke awon magunguna da kayan da ake saukewa daga jirgin ruwa. Shi zai kai maka wannan.

Tun da matata Atika ta rasu na bar cikin birni, don gidan na danginta ne. Yanzu ina ɗakin zauren wata mata, Hajo, mai dafa wa leburorin tasha tuwo. A unguwar nan kowa baƙo ne, ba mai tambayar wani ɗan wane ne shi. Ina wuni ba wanda ya ce mini Malam sai ita.

Ga abin da ya sa na neme ka. Malamina, Malam Salmanu, ya bar littafi guda da ya wallafa a kan taurari da lokutan salla. Baitocinsa da ayoyin da ya kafa hujja da su da jar tawada suke, bayanin da baƙa. Babu na biyunsa a duniya, yana hannuna. Gara ta ci gefensa, takardar ta tsufa har in na buɗe warƙa sai ta karye a yatsuna, jan kuma ya koɗe. Ina so in juye shi a sabuwar takarda kafin idon nan ya bi ɗan'uwansa. Takarda na samu, baƙar tawada ina da ita. Ja ce babu.

Ruwan karan dafi shi kaɗai ba tawada ba ne. In ka rubuta da shi haka, sai takarda ta tsotse shi ya ɓullo ta baya, kafin shekara ya koma kamar tofin goro. Sai an ba shi abin da zai zauna a kai. Mu da farar ƙasa muke yi, a tace ta, a sa ɗan alimun, farin dutsen nan da ake kwantar da dattin ruwa da shi, jan ya kama jikinta, a niƙa da ƙaro. To, ramin da nake ɗibar farar ƙasar a bakin rafin Kubanni 'yan kwangila sun cike shi da tsakuwa, jirgi na bi ta kai. Alimun kuwa tun da aka fara yaƙin Jamus ya ɓace a kasuwa.

In akwai alimun a wurin aikinka, ko wata farar ƙasa mai laushi, ka aiko mini ko cikin tafin hannu ne. Kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba. Wassalam.

*

Ikko, cikin Rajab

Zuwa ga Baba Malam Kailani, gaisuwar ɗa ga ubansa. Allah ya ƙara sauƙi, ya bar mana kai.

Na karanta takardarka a tsaye a bayan ɗakin aiki, na sake karantawa a gida, kunya ta kama ni, don ni ya kamata in neme ka. Muna lafiya. Matata Lauratu tana gaishe ka, da yara. Zazzaɓin garin nan ba ya barin baƙo, amma mun saba.

Baba, alimun yana nan, amma a kulle yake, maigidana da kansa yake aunawa. Sai dai akwai wani abu da yake fitarwa daga cikinsa. Yakan narka alimun, ya zuba masa ruwan wata irin kanwa tasu, sai wani farin abu ya kwanta a ƙasa kamar kindirmo. Mu wanke shi, mu shanya, mu gasa a tanderu, ya zama gari. Alumina yake ce masa. Yana ɗura shi cikin bututun gilas ya yi aiki da shi, in ya yi duhu sai ya ce a zubar. Na tambaye shi ko zan iya kwashewa, ya ce abin da ya shiga kwandon shara ba nasa ba ne kuma.

Na sa shi a tanderu da hannuna har duhun ya ƙone, ya dawo fari kamar auduga. Na gwada shi da ruwan shuni a ƙoƙo. Garin ya shanye shunin, ya bar ruwan garau kamar ba a taɓa sa masa kome ba. In ya yi wa shuni haka, ina zaton zai yi wa karan dafi. Ga shi nan cikin gwangwanin shayi, na ɗaure bakin da tsumma. Ka rufe shi da kyau, yana jan danshi.

Abokin aikina Barnabas ɗan Habila yana gaishe ka. Bazazzagi ne, cikin Kiristocin can. Ya ce ubansa ya yi karatu gaban Malam Salmanu kafin ya bi Mishan, kuma yana yaro ya sha ganinka kana fiƙe alƙalami a ƙofar makaranta. Ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana soke alƙalamin a rawani ka manta, ka tashi almajirai nemansa.

Ka sa mu a addu'a. Ɗanka, Muntaka.

*

Tudun Wada
Laraba, ƙarshen Sha'aban

Ɗana Muntaka, Allah ya yi maka albarka. Kumburin ya hau har gwiwa, amma yau na ci tuwo na cinye, abin da na daɗe ban yi ba.

Garinka ya zo, ya yi. Na dafa karan dafi, na tace, na zuba shi kaɗan kaɗan ina juyawa da tsinke. Ya kwashe jan ya kwanta da shi. Da na niƙa da ƙaro na ja layin farko, sai na ajiye alƙalami na zauna ina kallo. Shekara hamsin ina haɗa tawada, ban taɓa ganin ja mai tsayawa a kan takarda haka ba. Ba ya bazuwa, ba ya ɓullowa ta baya. Har ni mai rabin ido ina ganinsa ba tare da na kai hanci ba.

Hajo ta fito da ludayi a hannu ta same ni.

Ta ce, "Malam, yanka ka yi ba ka gaya mini ba? Duk ƙorena sun zama na mahauta."

Na ce, "Tawada ce, Hajo."

Ta ce, "To tawadar ta biya ni ƙwaryar furata. Wa zai sha fura a nan ya ga kamar an yi ƙaho a ciki?"

Na ce zan sa sunanta a ƙarshen littafi cikin waɗanda suka taimaka. Ta ce in sa, amma in rubuta da baƙa, don ita ba ta mutu ba tukuna balle a yi mata ado.

Na juye kusan sulusin littafin. Tsohon kuwa ba ya jure hannu. Duk warƙar da na gama, kafin in ɗaga ta ta zama ɓarɓashi. Ina tattarawa cikin tsumma mai tsabta, in ya taru in kai gindin ɗorawar da ke bayan masallacin unguwa in binne, don akwai sunan Allah a ciki, ba na so iska ta kai shi kwata. Ka ga ke nan abin da na juya shi ne kaɗai ke rayuwa. Wannan yana sa ni duba kowane baiti sau uku.

Garin ya kusa ƙarewa, saura abin da zai rufe gindin gwangwani. In da hali ka ƙaro, ninki biyu na farko zai kai ni ƙarshe. Azumi ga shi ya zo, kuma hadari ya fara tare mini rana.

Ka gaya wa ɗan Habila rawanin ma yanzu babu, hula ce, ba ta riƙe alƙalami. Na tuna ubansa. Mun yi faɗa ƙwarai ranar da ya tafi, amma ban taɓa kama shi da ƙarya ba. Wassalam.

*

Ikko, farkon Shawwal

Baba Malam, barka da shan ruwa, Allah ya maimaita mana. Muna lafiya, sai ƙaramar yarinyar da ke haƙori.

Gwangwani biyu sun riga sun tafi da mai birki, ban samu zaman rubutu ba a lokacin, don an tura ni bakin ruwa ɗauko kaya. Wannan takarda zan ba wani bafatake mai zuwa Zazzau.

Murnarka ta sa na ce bari in ba ka labarin garin nan, don kai mai son sanin asalin abu ne. Baba, riƙe launi ƙaramin aikinsa ne. Maigidana yana da wani ƙarfe da yake daskarar da man gyaɗa da shi, ya koma kamar man shanu. In ya sa ƙarfen shi kaɗai, sai ya dunƙule wuri ɗaya, aikin ya mutu. Sai ya jiƙa farin garin da ruwan ƙarfen ya gasa, ƙarfen ya barbazu a jikin kowace ƙwaya. Ɗan abin da bai cika farce ba sai ya yi aikin dunƙule guda. Ya ce ƙwayar garin duk ƙofofi ne a cikinta waɗanda ido ba ya gani, kamar gidan gara, shi ya sa take da wurin saukar baƙi da yawa. Da ya faɗi haka na tuna maganarka, cewa ja sai an ba shi abin da zai zauna a kai.

Wanda nake aiko maka ba mai ƙarfen ba ne, na wani aikin ne da ya fi ba ni mamaki. Ka san babban aikinmu awon barasar da ake shigowa da ita. Abin da ya rage a kwalabe yakan tace shi, ya tafasa, ya bi da tururin ta cikin bututun da garin yake, wuta na ci a ƙarƙashi. Baba, barasa ke shiga ta wannan baki, abin da ke fita ta wancan bakin ruwa ne da wata iska mai kama wuta da haske. Barasar ta rabu biyu, ba ta sauran maye. Garin kuwa yana nan yadda yake, bai shiga ruwan ba, bai shiga iskar ba. In babu shi tururin haka zai wuce yana barasarsa. Na ce wa Barnabas wannan gari ya fi alƙali, yana raba aure ba a ba shi ko goro ba. Ya ce ai shi ya sa fuskarsa ke yin baƙi.

Allah ya sa ka kai ƙarshe lafiya. Muntaka.

*

Tudun Wada
Asabar, bayan Babbar Salla

Muntaka. Jikina yana nan yadda ka sani, numfashi ya fara gajarta, idon dama ya soma hazo ko a rana. Ba wannan ne ya dame ni ba.

Gwangwanayenka sun zo tun cikin Shawwal. Takardarka kuwa jiya ta zo. Bafataken ya tsaya ciniki a Ilori, ya tsaya a Bida. Tsakanin zuwan garin da zuwan takardar na zuba sabon garin a kan ragowar tsohon, na haɗa tawada, na rubuta sauran littafin duka. Ranar Arfa na sa hannu a warƙar ƙarshe. Ɓarɓashin ƙarshe na littafin malamina na binne shi da yammacin ranar.

Ka ce barasa ake bi da ita ta kan garin nan. Da shi na rubuta ayoyi. Da shi na rubuta sunan Allah, ban san sau nawa ba.

Ban ce ka cuce ni ba. Ka daɗe a inda warin abin nan ya zama maka kamar warin hayaƙi, ba ka jinsa. Ni ma ban tambaya ba. Na ce maka kada ka ɗauki abin da ba a ba ka ba, ban ce kada ka ɗauki abin da aka zubar ba.

Na kwana ina juya mas'alar. Giya in ta juya ta zama tsami da kanta, ta tsarkaka. Najasa in wuta ta cinye ta ta zama toka, malamai sun yi saɓani, amma Malam Salmanu yana kan cewa wuta tana tsarkakewa, ni kuma a kansa nake. Saboda haka gwangwanin farko ba ni da damuwa da shi, ka rubuta mini cewa ka ƙona shi da hannunka har ya koma fari. Sulusin farko ya kuɓuta.

Na biyu da na uku fa? Ba ka ce kome a kansu ba, sai cewa an tura ka bakin ruwa. Za ka ce mini tururi ne kawai, kuma ya rabu ya wuce. To me ke sa garin duhu? Abin da ya wuce bai bar kome ba, ba ya sauya launin wurin da ya bi. Taɓawar barasa tabbas ce. Ƙonawar ita ce ban sani ba. Kuma tabbas ba ya gushewa da wataƙila.

Idona bai isa ya raba fari da toka-toka ba. Na tambayi Hajo, ita ta kwance mini tsumman.

Ta ce, "Fari ne mana, Malam."

Na ce, "Fari kamar me?"

Ta ce, "Kamar garin dawa."

Na ce, "Farar dawa ko kaura?"

Ta ce, "Malam, leburori ashirin ke jirana da kwano ranar, ka ce in tsaya tantance launin gari? In ka ce fari, fari ne. In ka ce ba fari ba, ni ban yi rantsuwa ba."

Yanzu duk garin ya zama ja, ba mai iya dubawa.

Na aika wa Malam Nagoda a cikin birni, wanda muka yi karatu tare, ko zai ba ni ɗalibi mai hannu ya sake juyewa da baƙa zalla. Ya aiko cewa masu hannun kirki duk sun tafi malantar haraji, kuma yanzu ƙarar jirgin rana ke gaya wa mutane azahar, wa zai zauna wa taurarin Salmanu.

Ka amsa mini abu ɗaya, kada ka yi mini kara. Wa ya ƙona na biyu da na uku, kuma ka gani da idonka? In ɗan Habila ne, ya faɗa da bakinsa, zan karɓa. In ba a ƙona ba, ba zan mutu in bar ayoyi a kai ba.

*

Ikko, ƙarshen Muharram, 1337

Baba Malam, gaisuwa da neman gafara. Yau na fara zama.

Wata mura ta sauka garin nan daga jiragen ruwa. Mutum ya tashi da ciwon kai da safe, kafin kwana uku an kai shi. An rufe makarantu da kasuwa. Ƙaramar yarinyarmu ta rasu. Lauratu ta tashi, amma ba ta magana sosai. Takardarka ta same ni a kwance, maƙwabci ya karanta mini.

Ga amsarka ba tare da kara ba. Ban ƙona da hannuna ba, ban kuma gani ba. Da za a tura ni bakin ruwa na nuna wa Barnabas kwandon, na ce ya sa a tanderu ya ɗaure ya ba mai birki. Da na dawo ya ce kayan Malam sun tafi. Ban tambaye shi ko ya ƙona ba, don ban san akwai abin tambaya ba. Barnabas ya rasu kafin takardarka ta iso. Ni na riƙe kansa. Da na san tambayar da na yi masa, yana cikin hankalinsa har kusan ƙarshe, yana ta kiran sunayen unguwannin Zazzau.

Abin da na sani game da shi, mutum ne da ba ya rabin aiki. Amma ranar tanderu yana cike da kayan maigida, wannan ma na sani. Ba zan ce maka ya ƙona ba.

Na tambayi maigidana game da duhun. Ya ce ba barasa ba ce, baƙin hayaƙi ne irin na gindin tukunya, don a zafin nan barasa ba ta iya zama. Na san maganarsa ba hujja ba ce a wurinka, amma na ce in gaya maka.

Baba, kada ka taɓa littafin. Ina roƙonka. An rufe ɗakin aiki, na nemi izini an ba ni. Da na iya tsayawa da ƙafata zan hau jirgi, in sha Allah kafin Mauludi ina Tudun Wada. Zan zo da gari sabo wanda bai taɓa shiga bututu ba, maigida ya ba ni da hannunsa da ya ji labarin. Hannuna ba irin naka ba ne, amma ana karantawa. Ka zauna kusa da ni kana gyara mini, in juye sulusi biyun nan, sannan ka yi da tsofaffin yadda shari'a ta ce. Ka jira ni. Muntaka.

*

Tudun Wada
Alhamis, ƙarshen Rabi'ul Awwal

Ɗana Muntaka, Allah ya jiƙan yarinyar, ya sa mai ceto ce. Ɗan Habila kuma na yi baƙin cikin tafiyarsa fiye da yadda na zata.

Yau kwana na nawa ban sani ba da zazzaɓi. Ƙirji kamar an ɗora dutsen niƙa. Ina rubuta wannan da manyan baƙaƙe, ban ganin layin da na wuce, ka yi haƙuri da karkacewa.

Murarku ta biyo jirgi ta iso mu. A nan marisuwa ake ce mata. Ta fara da leburorin tasha, ta shiga birni. Malam Nagoda ya tafi. Mai birkin da ke kai mana takardu ya tafi, shi ya sa ban san wanda zai kai wannan ba. Hajo ta rage tukunya daga babba zuwa ƙarama, yanzu ƙaramar ma ana kwana da saura.

Na jira Mauludi, na jira sunan Mauludi. Da zazzaɓin ya kama ni na san ba ni da sauran jira mai yawa. Shekaranjiya na ce bari in gwada da warƙa ɗaya, in ga ko wanki zai fid da ni. Na zaɓi ta babin tauraruwar nan Zuhura, wadda na haddace baitocinta, na sa ta a ƙwarya da ruwa mai tsabta, na shafa da yatsa a hankali yadda ake wanke allo. Na kira Hajo ta duba mini.

Ta ce, "Baƙin ya tafi duka, Malam."

Na ce, "Jan fa?"

Ta ce, "Yana nan. Kamar ma ya ƙara kyau."

Na sake shafawa har takardar ta fara saɓulewa. Ya kama zaren takardar ya zauna. Bayanin malamina ne ya bi ruwa, ayar kuwa tana nan a kan abin da nake gudu. Wanki ba zai yi ba ke nan, sai ƙasa.

Hajo ta zauna a bakin ƙofa, abin da ba ta taɓa yi ba.

Ta ce, "Malam, in mutumin nan ya ƙona fa? Ka binne aikin shekara a banza?"

Na ce, "In bai ƙona ba fa?"

Ta ce, "Allah bai san ba ka sani ba ne?"

Na ce, "Ya san yanzu na sani."

Ta ce ita dai jahila ce, amma a ganinta tsoro ne ya yi mini yawa, ba ilimi ba. Wataƙila ta fi ni gaskiya. Amma ni aka karantar, ni za a tambaya, kuma in na mutu littafin zai shiga hannun wanda bai san labarinsa ba, ya sumbace shi ya ɗora a kai.

Na ware sulusin farko na sa a gafaka, yana rataye a ƙusa bayan ƙofa, naka ne. Ya tsaya a tsakiyar taurarin damina. Sauran na naɗe shi a farin ƙyalle. Masu haƙan kabari suna wucewa ta nan kullum da safe, na roƙi ɗaya ya tsaya gobe Juma'a ya yi mini ɗan rami a gindin ɗorawa. Ya ce na jariri ne? Na ce kusan haka. Na ce masa ya zurfafa, don damina.

Na sa ranar gobe ne saboda jirgin Ikko yau yake shigowa, na ce in ba shi wannan ma. Ban sani ba ko ciwon ne ya komo maka, ko Lauratu ce, ko an hana hawa. Ba na zarginka. In kana da rai, Allah ya yi maka albarka, ka yi iyakar abin da ɗa zai yi.

Hajo ta tafi tasha tun la'asar da tuwo a kwano, wai matafiyi da yunwa yake sauka. Na gaya mata kamanninka yadda na san ka kana saurayi, ta ce za ta kira suna. Ta tsaya har aka gama sauka, aka sauke wasu mutum biyu a tabarma, ta je ta duba fuskokinsu, ta kira sunanka a kansu, ba su amsa ba, waɗanda ke tare da su suka ce ba sunansu ke nan ba. Yanzu ta dawo da kwanon a rufe. Ba ka zo ba.